Pidoy, Putot da Kwalbar Man Zafi

Ƙanena Pidoy, Allah ya yi shi da baki. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ni na goya shi, don haka babu mai cewa ƙazafi nake masa. Shekara uku kacal ya yi a Manila yana gadin wani katafaren kanti, amma yau shekara ashirin ke nan muna shan labarin a nan Estancia, kuma kullum labarin ƙara ƙiba yake. Da farko cewa yake ya yi aiki kusa da karnukan da ke shinshino bam. Daga baya ya zama shi ke riƙe musu igiya. Kafin mu ankara ya zama malaminsu, har wai akwai wanda ya yi kwana uku bai ci abinci ba da ya ji Pidoy ya bar aikin.

To, a gidan wannan babban malami akwai kare guda, sunansa Putot, mai guntun wutsiya, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Ba nasa ba ne, na 'yarsa Jovelyn ne. Ita ta tsinto shi a bakin teku yana ɗan kwikwiyo, ta raine shi da cokali. Ranar da za ta tafi Hong Kong aikin reno, ba ta yi wa uwarta kuka ba, ba ta yi wa ubanta ba, sai da ta rungumi karen nan hawaye suka ɓalle. Kowace Lahadi in ta kira ta bidiyo, gaisuwar iyaye minti biyu ce, sauran kuwa, "Ku juyo min da wayar in ga Putot."

Rigimar ta faro ne da wani karen titi ya ciji mai sayar da ƙanƙara. Mai unguwarmu, Kapitan Nestor, ya kafa doka: kowa ya tsare karensa a gida, kuma duk karen da aka kai ƙararsa sau uku, motar hukuma za ta zo ta ɗauke shi. Wanda motar nan ta ɗauka, ba mu taɓa ganin ya dawo ba.

Putot da ya saba yawo daga kasuwa zuwa tashar jiragen ruwa, aka kulle shi a tsakar gida mai faɗin tabarma huɗu. Kwana biyu ya birkice. Ya cinye ƙafar kujera, ya yage gidan sauro, ya yi ta kuka har maƙwabcin dama ya kai ƙara ta farko. Ya haƙa ƙarƙashin shinge ya tauna komar maƙwabcin baya, ƙara ta biyu ke nan. Saura ɗaya.

Gidana da nasu shingen gora ne kawai a tsakani. Ina jera kifi a kan gadajen shanya sai matarsa Nening ta leƙo, idonta jajir. Soling ne sunana, Manang kuwa haka ake kiran yaya mace a wurinmu.

"Manang Soling, ki yi wa ƙanenki magana. In motar nan ta ɗauke karen nan, me zan ce wa Jovelyn ranar Lahadi? In ce shi ma ya tafi Manila neman aiki?"

Pidoy yana kwance a lilonsa yana sosa ciki. Ko tashi bai yi ba.

"Ku mata ba ku san kare ba," in ji shi. "Kare ba ƙafarsa ake gajiyarwa ba, hancinsa ake gajiyarwa. Ka ɓoye masa abu ya nemo. Minti goma na shinshine ya fi gudun awa guda. Haka muke yi a Manila."

Na ce, "Ku da wa?"

"Mu masana."

Abin da ya fi ba ni haushi, maganar gaskiya ce. A bakin wani ya tsince ta, amma gaskiya ce.

Washegari ya jera ƙoƙon kwakwa uku a ƙasa, ya sa gutsuren busasshen kifi a ƙarƙashin ɗaya. Ya ja da baya, ya turo ƙirji, ya nuna da yatsa.

"Putot, nemo!"

Putot ya ɗaga hanci ya shaƙi iska. Ya tsallake ƙoƙunan nan uku ko kallo ba su ishe shi ba, ya zura kai ta ramin shinge, ya janye min jeri guda na kifin da na wuni ina gyarawa. Yo ina laifinsa? Unguwar da kowa shanyar kifi yake yi, rigarmu kifi, matashinmu kifi, har rigar limamin coci kifi take yi. Ka ce wa kare ya nemo kifi a nan, ai kamar ka tsaya tsakiyar teku ne ka ce a nemo maka ruwa.

Na ce, "Toto, na rantse da ba don Jovelyn ba, da ni zan kai ƙara ta uku da ƙafata."

Toto nake ce masa tun yana tsumma, kamar yadda muke kiran ƙananan maza, kuma har gobe ba ya so a gaban mutane.

"Laifin kifi ne," in ji shi. "Aikin nan ƙamshi na musamman yake so, wanda babu shi ko'ina sai inda malami ya ɓoye shi."

Ya shiga ɗaki ya yi ta bincike, sai ga shi da 'yar koriyar kwalbar man zafin Nening, yana ɗaga ta sama kamar ya ciyo kofi.

"Toto, man nan fa..."

"Manang, ke kifi kika sani. In ana maganar kifi zan aiko a kira ki."

Abin da zan gaya masa shi ne, a unguwarmu duk wanda ya haura hamsin da man nan yake kwana yake tashi. Ciwon kai a shafa, kumburin ciki a shafa, cizon sauro a shafa, ɓacin rai ma a shafa a goshi. Amma tunda ya ce kifi na sani, sai na ja bakina na tsuke. Na ce ba a ƙwace wa yaro garma. Wannan shirun nawa na zo na yi da-na-saninsa.

Ya ɗiga man a tsumma. Ranar farko Putot atishawa ya yi ta yi yana kallonsa kamar ya zage shi. Rana ta biyu ya gane cinikin: ka nemo tsumma, ka ɗauko, ka dire gaban maigida, ka zauna, a jefo maka kifi. Rana ta uku, ikon Allah, abin ya kama! A ɓoye tsumma cikin takalmi, ya nemo. A ɓoye bayan tulu, ya nemo. A liƙa ƙarƙashin tebur, ya nemo. In an yi zagaye goma sai ya baje a inuwa yana minshari, ba kuka, ba taune-taune. Unguwa ta samu lafiya. Da Pidoy mutum ne mai sanin ya-isa, da a nan labarin ya ƙare.

Ranar Laraba ya ɓoye tsumman cikin tukunyar shinkafa, sai aka kira shi kallon faɗan zakaru ya manta. Nening ta zuba shinkafa ta ɗora. Da rana na jiyo ihunta.

"Pidoy! Wace irin shinkafa ce wannan mai sanyaya maƙogwaro?"

"Ci abinki," in ji shi, yana haɗiya da ƙyar, hawaye na zuba. "Tana maganin mura."

Ranar Alhamis Nening ta shafa man a baya ta ɗan kishingiɗa. Putot ya shigo a hankali, ya kama gefen zaninta ya fara ja da baya zuwa wurin maigida. Ta riƙe, ya ja, ta riƙe, ya ja, har tsakar gida. Pidoy kuwa maimakon ya tsawatar, sai ya jefa masa kifi.

"Me ka ba shi?" in ji Nening.

"Ai ya nemo daidai. In ba a biya shi ba horon zai lalace."

"Ni ce tsumman?"

"Ban ce ba, Nening. Hancinsa ne ya ce."

Ranar nan a gidana Pidoy ya ci abinci.

Da yamma Lola Ising, wato Kaka Ising, ta biyo karɓar kifinta. Tsohuwa ce mai shekara tamanin da ɗoriya, ba ta rabuwa da lema, kuma bakinta ya fi lemar tsini. Tana tsaye jikin shinge sai Putot ya miƙo wuya ya zare ɗan tawul ɗin da ta rataya a kafaɗa, ya kai wa Pidoy. Sai da na ƙara mata kifi biyar na yi ta ba ta haƙuri kafin ta fasa zuwa wurin Kapitan.

Kun zaci wannan zai sa ya yi hankali? Ranar Juma'a ya tafi shagon aski ya tarar da Kapitan Nestor ana shafa masa baƙin gashi. Kapitan shekararsa sittin da uku, amma ba ya so a faɗa. Shi ke jagorantar rawar motsa jiki ta tsofaffi kowace Asabar a filin ƙwallon kwando, yana tsalle a gaba yana cewa shi bai san ciwon baya ba, bai taɓa shafa magani a jikinsa ba, wannan aikin tsofaffi ne. To, mai kuri ya haɗu da mai kuri. Kafin a gama askin sun ƙulla: gobe bayan rawa, gaban jama'a, Kapitan da kansa zai ɓoye tsumma. In Putot ya nemo, a goge ƙararraki biyun nan. In ya yi ɓarna, ita ce ta uku.

Da labari ya iso ni, na yar da kwandon kifi na shiga gidansu ba sallama.

"Toto, karen 'yarka ka ɗauka ka yi caca da shi?"

"Ba caca ba ce in ka san za ka ci."

"Kai, buɗe kunnenka! Filin nan gobe tsofaffi arba'in ne, kowanne ya yi wanka da man nan. Ni kaina da shi zan je."

"Manang," ya ce, yana murmushin tausaya min, "karena ya san bambancin man aiki da man tsofaffi."

"Kwalba ɗaya ce, kanti ɗaya aka saya!"

"Hannun da ya shafa ne ya bambanta."

Na dubi Nening, ta dube ni. Ta ce ita dai za ta je coci da sassafe ta kunna kyandir.

Asabar ta yi. Rana ta ɗaga, an gama rawa, tsofaffi sun yi sharkaf da gumi, kuma kun san yadda gumi ke tayar da man zafi. Filin nan tun daga bakin titi yake yaji a ido. Jama'a sun cika, har masu kwale-kwale sun fasa fita. Sai ga Pidoy cikin tsohon kakinsa na gadi, maɓallai suna neman agaji, usur a wuya, Putot a igiya.

Aka rufe wa karen ido da hula, Kapitan ya je ya cusa tsumman cikin wani tsohon bokiti a ƙarshen fili. Pidoy ya karɓi lasifika.

"Jama'a, abin da za ku gani yau, a Manila sai manya ke ganinsa. Karen da ƙwararren malami ya horar ba ya kuskure. Ku rubuta ku ajiye. Ba ya kuskure!"

Ya kwance igiya, ya busa usur.

"Putot, nemo!"

Putot ya tsaya cak. Hancinsa ya karkata dama, ya karkata hagu, guntun wutsiyar nan ya fara rawa. Na ga idon karen nan, na san ya ga arzikin da bai taɓa mafarki ba. Tsumma arba'in, kowanne da kifinsa!

Ya fara da ta kusa. Fyau, ya zare tawul daga wuyan wata tsohuwa ya dire gaban Pidoy, ya zauna.

"Ɗumama jiki yake yi," in ji Pidoy a lasifika. "Haka tsarin yake."

Da Putot ya ga ba kifi, sai ya ɗauka bai kawo da yawa ba ne. Ya koma. Ya kawo ɗankwali. Ya kawo safa ƙafa ɗaya. Ya kwance wa wani dattijo bandejin gwiwa, ya taho da shi yana jan ƙasa, dattijon na biye yana ɗingishi yana zagi. Ya kawo jakar hannu, ya kawo sandar dogarawa, mai sandar ya rungume ƙarfen raga yana kiran sunan Maryamu. Tsofaffin da minti biyar da suka wuce da ƙyar suke ɗaga ƙafa, sai ga su suna tsere, wasu na gudun kare, wasu na bin kayansu. Ni ma ban tsira ba, hankicina yana cikin tulin.

"Zauna! Putot, zauna! Bokiti! Bokiti!" Pidoy yana busa usur har jijiyar wuyansa ta fito.

Lola Ising ta iso ta bayansa ta sauke masa lema a ƙeya.

"Ɗan banza, sau biyu ke nan! Tawul ɗina aure zai yi da shi?"

"Lola, ki bari, yana tsakiyar aiki!"

"Ni ma ina tsakiyar nawa!" Ta ƙara masa.

Kapitan ya haye benci yana ihu a kama kare. Jin muryarsa, Putot ya juyo. Ya ɗaga hanci, ya yi wani irin tsayuwa, kunnen nan da ke kwance ma sai da ya miƙe. Ya nufi benci kai tsaye, ya zaga ta baya, ya cusa baki ƙarƙashin rigar Kapitan, ya kamo bakin wani abu ya ja.

Ɗamara ce. Doguwar ɗamarar yadi, an naɗe ta sau ba adadi, ta sha man zafi har ta canza launi. Putot na ja, Kapitan na juyawa a kan benci, hannu ɗaya riƙe da wando. Da naɗin ƙarshe ya warware, tumbin da ba mu taɓa sanin yana da shi ba ya zubo, bayansa ya lanƙwashe, ya ce "Wayyo ƙuguna!" da muryar da kowa ya ji.

 Putot ya ja ɗamarar nan har gaban Pidoy, ya ɗora kan tulin, ya zauna yana haki, yana jiran lada.

Lola Ising ce ta fara magana.

"Ashe, Nestor, kai ma namu ne!"

Dariya ta ɓarke, har da masu faɗuwa ƙasa. Amma ni ban yi ba, don na ga fuskar Kapitan. Aka taimaka masa ya sauko. Ya karɓi lasifika.

"Ƙara ta uku. A kira mota."

Nening ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka. Dariyar mutane ta mutu.

"Kapitan, kuskure ne," in ji Pidoy.

"Kuskure? Da bakinka ka ce karen da ƙwararre ya horar ba ya kuskure, ka ce mu rubuta mu ajiye. To, na ajiye. Ke nan da gangan ka turo min shi. Kare mai horo da ake tura wa mutane ba zai kwana a unguwata ba."

Ban san lokacin da na tsinci kaina a gabansa ba.

"Kapitan, in kuma mai karen ba ƙwararren komai ba ne fa?"

Ya dube ni, ya dubi Pidoy. Na ga abin ya yi masa daɗi, don wanda aka kunyata ba abin da yake so kamar abokin tarayya.

"Manang Soling, in wawan mutum ne ya ɓata kare, to mutumin za a hukunta, kare ba ruwansa. Amma sai ya faɗa da bakinsa, a lasifikar nan da ya yi mana kuri."

Ya miƙa masa. Pidoy bai karɓa nan take ba. Ya dubi jama'a, duk mutanen da ya shekara ashirin yana ba su labari a shagon aski da bakin teku. Ya dube ni. Sannan ya dubi Putot, wanda har yanzu yake zaune kusa da tulin tawul, ya kafe shi da ido, ya tabbata ya yi abin kirki.

Ya karɓa.

"Ban taɓa horar da kare ba," ya ce can ƙasa.

"Ba mu ji ba!" in ji Lola Ising.

"Ban taɓa horar da kare ba! Ƙofa nake buɗe musu. In sun zo da masu su in buɗe, in sun wuce in rufe."

"Igiyar fa da kake riƙewa?" wani ya tambaya daga baya.

"Ban taɓa riƙewa ba. Sau ɗaya na matsa kusa, ɗaya ya yi min haushi, na haye tebur."

"Wanda ya yi kwana uku bai ci abinci ba don kewarka fa?"

Pidoy ya share gumi da hannun riga.

"Ko sunansa ban sani ba."

Wannan karon dariyar har tashar jiragen ruwa aka ji ta. Kapitan ma ya yi, yana dafe da ƙugu. Ya yanke hukunci: Pidoy zai wanke duk abin da ke cikin tulin nan ya kai wa kowa har gida da ban haƙuri, zai share fili wata guda, kuma kada a sake ganin kwalbar man zafi kusa da hancin karen nan. Putot kuwa ya koma gida.

Shekara da shekaru ina jiran ranar da za a tsinka ƙanena a bainar jama'a. Na sha raya yadda zan yi dariya har in riƙe ciki. Da ranar ta zo, sai na nemi dariyar na rasa. Tausayinsa na ji, kuma ban taɓa ganin girmansa kamar ranar ba, yana tsaye cikin kakin da ya matse shi, kowa na nuna shi da baki.

Muka kamo hanyar gida. Nening a gaba da ƙunshin wanki a ka. Pidoy ya laluba aljihu ya fito da duk kifin da ke ciki ya ba Putot, ɗaya bayan ɗaya, bai rage ko gutsure ba.  Sai da muka kusa shinge ya yi gyaran murya.

"Amma fa, Manang, ƙofar nan ta gilashi ce, mai nauyin gaske. Ba kowane maigadi ake ba ta ba."

Na buɗe baki, zagi ya zo har kan harshena. Sai na haɗiye.

Na ce, "Na sani, Toto. Riƙe igiyar da kyau."